Kwana Goma Sha Bakwai da Allura a Jakata

Na yi shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, kuma in aka tsare ni aka ce in kawo sunayen yaran da suka bi ta hannuna, ko rabi ba zan iya ba. Mantuwa ta yi mini yawa har 'ya'yana suna tsokanata da ita. Amma akwai wata kaka guda da ba zan manta ba har ranar da za a mayar da ni ƙasa, kakar da na yi kwana goma sha bakwai ina yawo da ƙaramin kwalin allura a jakata. Duk lokacin da na tuna sai in ji haushin mutum uku ko huɗu, kuma in zan faɗi gaskiya ni ce ta farko a cikinsu.

Garinmu yana kusa da Tabotaki. Mahaifinmu ya rasu tun ina makaranta, gida ya koma hannun wansa, wanda muke ce wa Baba, sauran gari kuma suke ce masa Lokotoro. Kada mai karatu ya ɗauka likita ne. Tuƙin ambilans ya yi shekaru a wani gidan likita can wajen Madawa, da ya ajiye aiki ya dawo mana da wata farar riga da ba a san wanda ya ba shi ba, da kalmomin Faransanci biyar ko shida da yake jefawa cikin zance. Iyakar aikin likitan da ya taɓa yi shi ne ya buɗe ƙofar baya a saka marar lafiya, ya rufe, ya tada mota. Amma a garinmu in yaro ya yi zazzaɓi, sai an biya ta zaurensa an ji ta bakinsa kafin a ƙarasa wurin majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan garin, wanda shi ya yi karatun abin.

Ƙanwata, autarmu, tela ce, tana aure a Tamaske. Mijinta ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan kamar yawancin mazan can, ita kuma ta dawo gida goyon ciki. Ta haifi 'ya mace a ƙarshen damina, lafiya lau, aka shiga wankan biƙi da kunun kanwa safe da yamma. Kafin a yi arba'in ƙafafunta suka kumbura. In ta tashi daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta tsaya ta dafa bango tana haki, kwanciya kuma ta gagare ta sai dai ta jingina. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka itace, aka ƙara wa kunu kanwa.

Ni a lokacin ina koyarwa a Buza, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Da na gan ta ban ko ajiye jaka ba na kai ta wurin majo. Ya saurari ƙirjinta, ya danna ƙafarta yatsansa ya bar rami, ya rubuta takarda ya ce mu wuce Tawa. Baba ya ce ai ba za a tafi asibiti babu shi ba, ya saka farar rigarsa ya shige gaban mota.

A Tawa aka yi mata eko. Likita ya shafa mata wani abu mai yauƙi a ƙirji, ya ɗora kan na'ura, sai ga zuciyarta a allo tana bugawa a gajiye. Ni ban san kan hoton ba, amma har ni na ga wani ɗan dunƙule a can ƙasan zuciyar, bai fi ƙwallon dabino ba, yana reto duk bugu. Likita ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya sa aka mayar da ƙanwata ɗakin kwanciya tare da Inna, mahaifiyarmu, ya ce yana son ya yi mata bayani da kansa. Baba ya tare shi, ya ce mai jego ce, ba a tada mata hankali kada nono ya ɗauke, a gaya wa manya su za su san yadda za su sanar da ita.

Likitan nan ɗan Madawa ne, Hausarsa ras, don haka babu wanda zai ce bai gane ba. Ya ce zuciyarta ta yi rauni bayan haihuwa, ta buɗe, ba ta tura jini yadda ya kamata, jinin da ya kwanta wuri guda kuwa yakan daskare ya zama guda. Ya ce zatonsa ya fi ƙarfi cewa gudan jini ne muka gani. Sai dai yadda ya yi kewaye yana reto, ya yi kama da ƙarin da yakan tsiro a zuciya, kuma da na'urar da ke gabansa ba zai iya raba su da tabbaci ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, in ji shi: a kwantar da ita, a fara mata allurar tsinka jini, a bi da ƙwaya ana ɗibar jininta ana aunawa, bayan 'yan makonni a sake dubawa. In ya ragu, jini ne. In bai ragu ba, sai a wuce Yamai. Abin tsoron guda ɗaya ne, in jini ne aka bar shi, yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya toshe wani wuri, musamman a kai.

Cikin wannan dogon bayani, kalma ɗaya Baba ya tsinta ya riƙe, ƙari. Ƙari kuwa a wurinsa ciwon daji ne, kuma kowa a ƙasarmu ya tashi ya tarar ana cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka soka masa allura sai ya fusata ya bazu. Ya gyara zama ya ce, "Likita, ka iya rantsewa ba daji na ba?"

"Alhaji, ba ni rantsewa bisa abin da ban tabbatar ba. Amma ko ƙari na, allurag ga ba ta ƙara mai komi."

"To ni in hwaɗa maka abin da idona yag gani. Dud wanda anka soka ma allura bisa daji, ni nika maido gawatai gida cikin motata. Ɗiyammu ba a taɓa ta da ƙarhe."

Na daɗe ina juya wannan zance a raina. Mutum ɗaya ya yi shekaru yana karatu har ya san iyakar abin da ya sani, ya faɗi gaskiya cewa bai tabbatar ba. Ɗayan ya yi shekaru yana kallon hanya ta gilashi, bai taɓa shakkar komai ba a rayuwarsa. A wurinmu na biyun ne ke cin gardama, saboda mun ɗauka wanda ya fi ɗaga murya shi ya fi sani. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa waɗanda ya maido gawarsu ai sai da ciwo ya gama cinye su a gida sannan aka kai su asibiti ba.

Baba ya ce a sallame ta a ranar. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ƙi ji, daga ƙarshe aka kawo takardar da ke nuna dangi ne suka ɗauke ta da kansu. Baba ya laluba aljihu ya ce ya bar madubin idonsa a gida, a ba 'yar boko. Na karɓi alƙalami na sa hannu, da rubutuna mai kyau wanda nake alfahari da shi a allo. Likita ya juyo ya yi mini magana da Faransanci don kada Baba ya bi. Ya ce ya san na gane, in sayi maganin da ya rubuta, 'yar ƙaramar allura ce a fatar ciki safe da yamma, majon garinmu zai iya yi ya kuma ɗebi jinin. Ya ce a daina kanwa. Ya ƙara da cewa in gaya mata, jikinta ne. Na gyaɗa kai kamar mai hankali.

Na shiga farmasi na sayi komai. Baba ya zazzage ledar a cinyarsa yana tantancewa. Ƙwayoyin ƙarfafa zuciya da na rage kumburi ya ce a sha, tunda baki za su bi. Ƙwayar tsinka jini ya hana, saboda ya ji an ce sai ana ɗibar jini, ɗibar jini kuwa allura ce. Kwalin allurar ya ce zai jefa shi salga in mun isa gida. Na ce ya bar mini zan mayar wa masu shi. Na tura shi can ƙasan jakata tare da takardar likita, ina jin kaina wata jaruma, na ce a raina ran Asabar zan ja ta mu je wurin majo a ɓoye.

Kafin mu sauka daga mota gari ya ɗauka cewa daji ya kama 'yar gidan Lokotoro a zuciya. Kowa ya sani in ban da mai zuciyar. Mata suka yi ta zuwa dubiya, su shiga su yi mata dariya su ce sanyin biƙi ne zai wuce, su fito su raɓe bayan rumbu su share hawaye. Aka aika wajen Babankatami aka ɗauko wani mai maganin daji, ya kawo gari na shafawa da sassaƙe na jiƙo, ya kafa doka cewa ƙarfe kada ya kusance ta. Mutanenmu kuwa in sun samu doka irin wannan sai sun ƙara mata gishiri. Aka cire mata 'yan kunne da awarwaro, aka ɗauke kwanon sha aka ba ta ƙwarya, aka hana ta cokali sai ludayi. Keken ɗinkinta da ta zo da shi don ta yi wa jaririya riguna, aka kinkime shi aka kai ɗakin wata gwaggonmu kamar shi ya kawo cutar. Ita abin dariya ma yake ba ta, tana ce mini wannan sanyi mai tsoron 'yan kunne ba ta taɓa jin irinsa ba. Na taya ta dariya, jakata tana rataye a ƙusa bisa kanta.

Abin da ya ƙara lalata zance shi ne ta samu sauƙi. Ƙwayoyin asibitin da Baba ya yi wa izini suka yi aikinsu, kumburi ya saɓe, numfashi ya daidaita, ta fara zagaya gida har ta leƙa waje. Yabo kuwa gaba ɗaya ya tafi ga garin shafawa da hangen nesan Lokotoro. Yana zaune a zaure ana shigo da dammunan gero, duk wanda ya gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda ya tsaya a gaban babban likita a Tawa ya koya masa aiki.

Asabar ta farko na zo, na ga zaure cike da mutane, na ce ba yau ba. Na ja Inna gefe na gaya mata abin da nake shirin yi. Ta kama hannuna ta ce, "In kin kai ta anka soke ta, tam mutu, mi za ki ce ma mutane? Kina son a riƙa nuna ki har ki tsuhwa ana cewa ita tak kashe ƙanwatta da boko?" Na kira mijin a Abijan, ya ce shi yana nesa, abin da manya suka gani shi ne daidai, sai dai addu'a. Da ya ajiye waya na tabbata ya ji sanyi a ransa cewa ya sauke nauyi.

Maganar Inna ce ta zauna mini, kuma a nan ne ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ban yarda da zancen daji da ƙarfe ba ko na minti ɗaya. Na karanta takardar likita har na haddace ta. Amma na auna abu biyu: in na yi shiru wani abu ya same ta, za a ce ƙaddara ce, in na yi magana wani abu ya same ta, za a ce ni ce. Sai na zaɓi wanda sunana zai fita da tsabta. Na yi wa tsoron ado na kira shi kunya da girmama manya, na ƙara da cewa ai ga shi tana samun sauƙi, ƙila ma likitan ya zuzuta. Asabar ta biyu ban zo ba sam, na ce ana jiran mai duba makarantu, ina da shirin darasi.

Ran Laraba da hantsi ina cikin aji waya ta yi ƙara. Ƙanwata tana zaune a inuwar ɗaki tana shayar da 'yarta, ta zo juya ta zuwa ɗaya nonon, sai yarinyar ta sulale daga hannunta ta faɗa kan tabarma. Inna ta buɗe baki za ta yi mata faɗan sakaci, sai ta ga bakinta ya karkace, yawu yana zuba, tana son magana ba ta fita. Hannun dama da ƙafar dama sun saki. Ban san yadda na fita daga makarantar ba, na dai san a hanyar Tawa kanta yana kan cinyata, tana kallona da ido kamar tana tambayata abin da ke faruwa.

Likitan nan dai muka tarar. Bayan an yi mata abin da za a yi na gaggawa, ya sake ɗora na'urarsa. Dunƙulen nan babu shi, sai ɗan guntu manne a bangon zuciya. Baba ya leƙa allo ta bayan kafaɗar likita, ya ji an ce ya ragu, sai fuskarsa ta washe. Wallahi da idona na ga haƙoransa. 'Yar ƙaninsa tana kwance rabin jikinta ya mutu, shi kuwa ya juya yana ce wa Inna ta gani ko, magani ya cinye dajin saura kaɗan.

Likita ya ajiye abin hannunsa ya ce, "Alhaji, ba narkewa yay yi ba. Jini na, ya ɓalle, shina cikin kanta yanzu. Shi na abin da nic ce muku ina tsoro."

Daga nan ya tambaye ni kwana nawa aka yi mata allurar. Na buɗe jaka na fito da kwalin, ko ledar bakinsa ba a ɓare ba, har ya ɗan lotse saboda littattafan da nake ɗora masa. Ya karɓa ya juya shi, ya duba kwanan watan da ke jiki, ya miƙa wa ma'aikaciyar da ke gefensa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, amma sai ya koma kan marar lafiyarsa.

Baba ya ce tunda an raina shi ya zare hannunsa, ya koma gida wurin geronsa. Bayan 'yan kwanaki, da likita ya ga lokaci ya yi, aka fara mata allurar, aka yi ta ɗibar jini, ƙarfe ya shiga jikinta ya fita ba adadi. Babu dajin da ya fusata, domin babu shi tun farko. Da aka sake dubawa bayan makonni, guntun da ya rage ya narke tas. Amma kada ku ɗauka wannan ya girgiza Lokotoro. Har yau yana raye, kuma ga yadda yake ba da labarin: maganin gargajiya ne ya kori daji daga zuciya ya gudu kai, da an yi haƙuri da ya kore shi daga can ma, sai 'yan boko suka yi gaggawa suka kafe shi da allura a hannu. Ana gyaɗa masa kai, kuma har gobe ana biyawa ta zaurensa kafin a je wurin majo.

Ƙanwata ta rayu. Ƙafar ta dawo, tana ɗan ja. Magana ta dawo a hankali, kalma bayan kalma, kamar yaro mai koyo. Hannun dama ne bai dawo ba. Ɗinki ya ƙare, 'yarta kuma ta yi wayo ba ta taɓa goya ta da kanta ba sai wani ya ɗora mata ya ɗaure zanen. Mijin ya dawo ya ɗauke ta suka koma Tamaske, wannan kam ba zan ci amanarsa ba, ya riƙe ta da kyau. Abin da aka gaya mata shi ne hawan jini ne ya buge ta, ta karɓa ta ce haka Allah ya so.

Sai da aka shekara na iya buɗe baki. Na je Tamaske hutu, ta ce in yi mata kitso. Tana zaune tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, kuma ina jin don ba na ganin idonta ne na samu ƙarfin hali. Na gaya mata komai, abin da likita ya faɗa, takardar da na sa wa hannu, dalilin cire 'yan kunne, da kwalin da ke jakata duk kwanakin nan. Na gama na ci gaba da tsaga gashi ina jiran ta yi kuka ko ta zage ni.

Can ta ce, a hankali yadda maganarta ta koma, "Yaya, cikin kwanakkin nan na tahi gidan majo da ƙahwata. Rigakahi nik kai ɗiya. Ina zamne yana yi mata allura, har yat tambaye ni mi anka ce Tawa, nic ce mai, sanyi na." Sannan ta ƙara da cewa, "Da kin hwaɗa min, riga kawai zan ɗaga."

Ban san da haka ba sai ranar. Mako biyu da kwana uku ina ƙulla dabarar yadda zan sato ta in kai ta, ashe ita ta je da kanta ta zauna a gaban mutumin, abin da ta rasa kawai shi ne ta san ciwon da ke jikinta. Ba ta ƙara tada zancen ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Ta ce in ƙarasa kitson kafin la'asar, na ƙarasa.

Baba jahilci ne ya ja shi, kuma jahili mai farar riga ba a rasa shi a kowane gari. Ni da na sani na yi shiru ba ni da wannan uzurin. Abin da na koya shi ne, duk taron dangin da za a yi a kan ciwon mutum a bar shi a ɗaki bai sani ba, kansu suke karewa, ko da kuwa suna kuka. Tun daga lokacin, in na raka wani asibiti, abin da likita ya faɗa marar lafiyan nake fara gaya wa, a gaban duk wanda ke wurin, kawu ne ko suruki. An ce boko ya cire mini kunya, tsofaffin garinmu suna faɗa ina ji. Ba na musu da su, na riga na ga abin da kunyar ta yi wa hannun ƙanwata.